Muryar Malam Nata'ala

Idan ka taɓa cin kasuwar Ƙanƙara, ko ta Mairuwa, ko ta Sabuwa a cikin shekaru ashirin ɗin nan, to ka san Malam Nata'ala ko da ba ka taɓa sa shi a ido ba. Shi ne mai muryar nan mai kauri da ke fitowa daga lasifikar 'yan talla, wadda ake ratayawa a jikin baro ko a ɗaure a bayan mashin, tana ta nanata abu ɗaya tun hantsi har la'asar. Sabulu ne, maganin sauro ne, batir ne, irin masara ne, gishirin dabbobi ne, dukkansu da magana ɗaya tallar take ƙarewa: "Ni Nata'ala na gwada da hannuna."

Ni sunana Mani, gyaran rediyo nake yi a bakin tashar Ƙanƙara, kuma a shagona aka ɗauki duk tallace-tallacen nan. Tun zamanin kaset muka fara, muka koma faifai, muka dawo memori. Ni nake riƙe masa makirfo, ni nake rufe ƙofa in kori masu hayaniya, ni nake cewa a sake idan ya yi tari. Saboda haka kada wani ya zo ya ba ni labarin Nata'ala, ni ne zan ba shi. Kuma zan faɗa har da nawa laifin, don ina da shi.

Mutumin 'Yargoje ne. Ya shigo Ƙanƙara yana saurayi da jakar maganin ɓera a kafaɗa, ba shi da lasifika, bakinsa kawai. In ya buɗe murya a bakin kasuwa, wallahi har masu awon hatsi sai sun ɗago kai. Da 'yan kasuwa suka ga haka sai suka fara roƙonsa ya yi musu talla a kaset. A shekararsa ta farko da wannan sana'a wani ya kawo masa maganin feshi, ya zauna ya zuba masa kirari kamar ya san shi. Mahaifinsa ya ji muryar ɗansa a kasuwa, ya sayi maganin, ya fesa wa wakensa, waken ya ƙone ƙurmus. Tsohon bai zage shi ba. Hannunsa kawai ya kama ya kai shi gonar, ya bar shi a tsaye a can ya dawo gida. Tun daga ranar Nata'ala ya yi rantsuwa ba zai sake tallar abin da bai gwada ba.

Ya kuwa riƙe rantsuwar har ta zame wa mutane jarabawa. Ka kawo sabulu, sai ya kai wa matarsa Ummu Salma ta yi wanki da shi, ya duba hannunta ko ya ci mata fata. Ka kawo batir, sai ya sa a tocila ya bar ta a kunne ya ga inda za ta kai. Amma inda ya fi tsanani shi ne iri. A gindin katangar gidansa akwai gwangwanayen tumatir da na madara a jere, ya huda gindinsu ya cika su da ƙasa. Duk wanda ya kawo masa irin masara ko na waken suya, sai ya sa hannu can tsakiyar buhu, ba sama ba, ya ƙirga ƙwaya ashirin ya shuka, ya ce a dawo bayan mako guda. In ba su kai goma sha bakwai da suka tsiro ba, ko kuka za ka yi masa ba zai buɗe baki ba. Sau nawa muna faɗa da shi a kan haka! Ni da nake cin abinci a jikinsa, ina ji ina gani mai kaya zai fita yana zage-zage. In ce masa, Malam, kai mai talla ne ko malamin gona? Sai ya yi dariya ya ci gaba da ba gwangwanayensa ruwa da buta.

Amma fa abin ya yi masa rana. A ƙauyukan Faskari da na Sabuwa, inda ba wanda ya san fuskarsa, mutum ba ya tambayar sunan kamfani. Muryar kawai yake saurare. In ya ji an ce Nata'ala ya gwada, shi ke nan, sai ya kwance lalita.

Shekaru huɗu da suka wuce muryar ta fara gajiya. Shekara da shekaru yana ɗaga ta, maƙogwaro ya dishe. Sannan ya faɗi a mashin a hanyar Faskari, haƙoransa biyu na gaba suka fita, magana ta koma fita da iska. Tallar da muke gamawa a ɗauka ɗaya sai mu yi biyar, ina ta haɗa masa ruwan zafi da citta. Duk da haka masu kaya suna zuwa, don ba daɗin muryar suke saye ba.

A daidai lokacin ne Adnan ya buɗe shago a layinmu. Mutum ne ɗan kimanin shekara talatin, mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Katin biki yake bugawa da hotunan 'yan takara, yana da kwamfuta biyu da sola. Shi ya fara kawo mana abin nan da ake kira AI, wai ƙirƙirarriyar basira. Sai ka rubuta magana a kwamfuta, wata murya ta karanta maka ita. Da muka fara jin tallar da ya yi wa wani mai man shafawa, dariya muka yi har da riƙe ciki, don Hausar kamar ta baƙon da ya kwana biyu a gari. Masu shayi suna ta kwaikwayonta. Na ce wa Nata'ala ga kishiyar sana'arka ta iso. Ya saurara da kyau, ya kaɗa kai.

"Magana kam ta iya," in ji shi. "To ta iya shuka?"

Duk muka ce ya gama magana. Haka kowa yake gani a lokacin, da tela da mai hoto da mai buga takardu. Muna cewa abin Turawa ne, zai yi kwana biyu ya wuce.

Yanzu ga nawa laifin. Wata rana Adnan ya shigo shagona ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ya ji ina da tsoffin tallace-tallacen Malam tun na kaset. Ya ce abin tarihi ne, bai kamata su lalace ba, in ba shi ya wanke musu ƙara ya adana su a kwamfuta. Ni kuma kaina ya kumbura, an ce ina riƙe da tarihi. Na jawo wata tsohuwar jakar buhu daga ƙarƙashin tebur na miƙa masa gaba ɗaya. Ko tambayar Nata'ala ban yi ba. Tir da ni, da furfurata da komai.

Ba a yi wata guda ba, ina zaune ina liƙa wayar wata rediyo, sai na ji Nata'ala a tasha. Ba Nata'alan yanzu ba, na shekaru goma sha biyar da suka wuce, murya garau, haƙora cike da baki, yana tallar wata fitila mai caji da rana. Har ɗan jan numfashin nan da yake yi kafin ya faɗi farashi yana ciki. A ƙarshe kuma ya ce ya gwada da hannunsa. Ni kuwa na san ba mu taɓa ɗaukar tallar fitila ba.

Ko shagon ban rufe ba na nufi wurin Adnan. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita su a nan ba. Ya bari sai da na gaji, sannan ya juyo da fuskar kwamfutar wajena, ya rubuta wani abu, ya danna. Sai ga muryar abokina tana gaishe ni, tana tambayata ya aiki. Adnan ya ce shi da farko gwaji kawai ya yi, masu kaya suka ji suka nace. Ya ce zai riƙa ba Malam wani abu. Na ce ya riƙe abinsa, ya goge.

"Baba Mani, ko na goge yau, abin ya riga ya fita," in ji shi. "Duk mai waya zai iya. Magana ta minti biyu ta ishe shi, ga muryar Malam kuwa a kowace kasuwa."

Da yamma na je na gaya wa Nata'ala komai, har da jakar da na bayar. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya ce in kunna masa, na kunna a wayata. Ya saurara sau uku, kansa a sunkuye, sannan ya tambaye ni wai da haka muryarsa take a da? Na ce haka take. Na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma na rantse akwai jin daɗi a ciki, kamar wanda aka nuna wa hotonsa na samartaka. Abu ɗaya kawai ya roƙa. Ya ce su yi ta amfani da muryar, ya yafe, amma a cire maganar ƙarshe, don bai gwada ba.

Mun kai maganar gaban mai unguwa. Aka kira Adnan, ya ba da haƙuri, ya yi alkawari, kuma a iya sanina ya daina. To mene ne amfanin? Maganar ƙarshen nan ita ce masu kaya suke so. Wanda Adnan ya ƙi yi wa sai ya tafi wani gari, ko ya sa ƙaninsa ya yi masa a waya. Wa zai kawo iri ya jira mako guda a ƙirga masa tsiro, alhali kafin ya shanye shayinsa an gama masa talla? Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke ƙafa. Kafin shekara ta zagayo, sai mu yi wata biyu makirfo yana rataye ba a taɓa shi ba. Muryar Nata'ala kuwa ba ta taɓa yin aiki kamar lokacin ba. Tana tallar maganin basir, tana tallar maganin ƙarfin maza, abin da ko da wasa bai taɓa yarda ya ambata ba. Ummu Salma ta daina zuwa gidan suna saboda tsokanar mata.

Da daminar bara abin da yake tsoro ya faru. Muna zaune a ƙofar gidansa da hantsi sai ga wani dattijo ya sauka daga mashin, ƙafafunsa duk laka, yana tambayar gidan Nata'ala mai talla. Ya ce sunansa Almu, daga wani ƙauye kusa da Damari. Muka ba shi tabarma da ruwa. Bai sha ba. Ya kwance bakin rawaninsa ya zazzage wasu ƙwayoyin masara a gabanmu, an rina su ja, sun kumbura sun ruɓe.

Labarinsa gajere ne. Shekara biyu mutanen yankinsu ba su taka gonakinsu na nesa ba saboda 'yan bindiga. Bara aka ɗan samu sauƙi, kowa ya sayar da abin da ya rage masa, wani akuya, wani keke, don ya koma gona. Wasu mutane suka zo da mota ranar kasuwa da iri a cikin leda mai hoto, lasifika tana cewa iri ne mai jure fari, Nata'ala ya gwada. Rabin ƙauyen suka saya. Suka shuka, suka jira, suka ƙara jira suna cewa ko ruwa ne ya yi yawa. Da suka tona, ga abin da suka tarar. Lokacin sake shuka ya ƙure, kuma ko bai ƙure ba babu abin sayen wani irin.

"Ni ban san masu motar ba," in ji Baba Almu. "Kai na sani."

Nata'ala ya fara yi masa bayani da disasshiyar muryarsa, yana cewa ba shi ba ne, na'ura ce. Ni ma na sa baki, na fito da waya ina nuna masa. Tsohon yana ta kallonmu. Ban ga alamar ya gane yadda ƙarfe zai yi maganar mutum ba, amma ya juya ya dubi gwangwanayen da ke gindin katanga, ya daɗe yana dubansu. Sai ya ce to ya ji, in ba shi ba ne, wa zai kama? Ya ciro sauran irin da bai shuka ba a aljihu ya ajiye a kan tabarma, ya yi mana sallama ya hau mashin.

Nata'ala ya ƙirga ashirin a cikin irin nan ya shuka. Uku suka tsiro.

Ranar da ya ƙirga su ya zo shagona ya ce in haɗa masa tsohuwar amfilifaya da batir da babbar lasifika, zai je kasuwar Sabuwa ya gaya wa mutane da bakinsa su daina yarda da muryarsa. Na ce masa hanyar ba ta da kyau, ya ce ya sani. Ummu Salma ta roƙe shi, ya ce mata lokacin sayen taki ne, in ya yi shiru za a sake cutar wasu da sunansa. Da na ga ba zai fasa ba na ce to tare za mu, ai ni na jawo.

Mun isa kasuwa ta cika. Na nemi Baba Almu don ya tsaya kusa da mu ya ba da shaida, aka ce ya tafi Funtuwa neman aikin lebura tun makon jiya. Muka samu gefen 'yan hatsi, na ɗora lasifikar a kan wani benci, na haɗa waya, na miƙa masa makirfo. Ya riƙe gwangwanin nan mai tsiro uku a hannun hagu.

Ya yi sallama, ya ce shi ne Nata'ala. Ya ce shekara ɗaya ke nan bai yi wa kowa talla ba, duk abin da suka ji da muryarsa ƙarya ce, na'ura ce take yi. Muryar tana fita a shaƙe, iska tana bi ta gurbin haƙora, lasifikar kuma tana ƙara tona asirinta. Mutane suka fara taruwa. Can tsallaken hanya, bai fi taku talatin ba, wani mai taki ya ƙara ƙarar tasa lasifikar. Sai ga ɗaya Nata'alan, garau, yana cika kasuwa, yana rantsuwa ya gwada da hannunsa.

Mutane suka dubi can, suka dubi nan. Wani ya yi dariya. Mai takin ya taso yana cewa 'yan baƙin ciki ne suka ɗauko wannan tsoho haya don a ɓata masa kasuwa. Wani ya ce ko kwaikwayon ma bai iya ba. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na hau bencin ina ihu, ina cewa ni na ɗauki muryar nan da hannuna shekara ashirin, ku tambayi duk Ƙanƙara. Wa zai je Ƙanƙara tambaya? Wani ya fizge wayar batir, lasifikarmu ta mutu. Na cakumi wuyan rigarsa, aka shiga tsakani, hulata ta faɗi a laka.

Duk wannan bai taɓa Nata'ala ba kamar abin da ya biyo baya. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta taso daga inda take zaune, ta matso kusa da shi. Ba da faɗa ta zo ba, a hankali ta yi magana, irin yadda ake yi wa wanda ake tausayi.

"Bawan Allah, mi Nata'ala ya yi maka? Shekara ashirin ina jin mutumin nan, bai taɓa cuta ta ba. Na san muryarsa kamar ta ɗan'uwana, ba ita ce wannan ba. Ka ji tsoron Allah, ka bar ɓata mashi suna."

Na buɗe baki zan yi magana, ya riƙe mini hannu. Ya dubi matar ya ce ta yi gaskiya, ya gode, Allah ya saka mata da alheri. Ya ajiye makirfo a kan benci. Muka naɗe wayoyinmu muka nemi mota. Har muka iso Ƙanƙara gwangwanin yana kan cinyarsa.

Daga ranar bai sake shiga shagona don aiki ba. Yanzu goro yake kasawa a faranti a ƙofar gida, Ummu Salma tana suyar awara. Ranar kasuwa ba ya bi ta tasha, sai ya zagaya ta bayan makaranta, don kada ya ji kansa. Magana ma ya rage ta ƙwarai, sai gaisuwa. Ni ma ba wani abin kirki nake yi ba, wa yake kawo gyaran rediyo yanzu? Adnan da kansa ya rufe ɗaya kwamfutar, wai masu katin biki sun koma yi da kansu a waya. Wani lokaci yakan wuce ya gaishe ni, in amsa masa ciki-ciki. Haushinsa nake ji, amma na fi jin haushin kaina.

Bana da ruwa ya sauka na je gidan Nata'ala da safe. Na tarar da shi a tsugune a gindin katanga da buta, gwangwanaye a jere sun kai goma sha biyu, kowanne ya ɗaura masa ƙyallen ledar irin da ke ciki. Ashe duk irin da ya ji ana talla da muryarsa, sai ya aika a sayo masa ƙaramar leda da ribar goronsa, ya ƙirga ashirin ya shuka. Ya nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Wannan sha takwas, mai kyau ne. Wannan sha ɗaya. Wannan na ƙarshe, mai hoton zakara a leda, biyu kacal, kuma shi aka fi saye a ƙauyukan Faskari.

Raina ya ɓaci. Na ce masa, Malam, don Allah wahalar me kake yi? Ka gwada, ka gani, to wa za ka gaya wa?

Ya tsiyaye sauran ruwan butar a gwangwanin mai tsiro biyu, ya goge hannunsa a riga.

"Ba kowa," in ji shi. "Amma an ce na gwada."